“Ai Ita Ta Yarda”: Tsokaci a Kan Miƙa Ragama da Iyakar Yarda a Zaman Aure

   

Duk wanda ya saba zaman majalisa a unguwanninmu, tun daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, ka gangara Darmanawa ko Unguwa Uku, ba zai rasa jin maganganun nan ba. In aka ce wane “mijin tace” ne, sai majalisa ta kece da dariya, har mai shayi ya sa baki. In kuwa aka kawo labarin wata baiwar Allah da ake gallaza wa a bayan katanga, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, “To me za a yi? Ai ita ta yarda, ita ta ce ta ji ta gani.” Daga nan maganar ta mutu, a koma hirar siyasa. Ra’ayina, ya ɗan’uwa mai karatu, shi ne mun juya abin a baibai: muna yi wa abin da shari’a ta halatta dariya, muna kuma yin gum a kan abin da ta haramta. Dukkan maganganun biyu a kan abu ɗaya suke, wato mutum ya ɗauki wani iko da yake hannunsa ya miƙa wa abokin zamansa da yardarsa. To wane iko ne ake iya miƙawa, wane ne ba a iyawa, kuma in an miƙa ana iya karɓowa?

Na san wani magidanci da ke zaune a lungunan bayan Court Road, direban Adaidaita Sahu ne. Kullum in ya tashi daga aiki, bayan ya cire balas ɗin mai mashin da kuɗin mai, abin da ya rage sai ya damƙa wa maiɗakinsa. Ita ke yanke na cefane, ita ke zubin adashi, ita ke ba shi abin da zai riƙe a aljihu washegari. Da na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce, “Malam, ni kuɗi ba sa kwana a hannuna, ita kuwa Allah Ya ba ta riƙo.” Yau mashin ɗin da yake ja nasa ne. Amma har gobe in ya wuce majalisa ana yi masa shaguɓe, a ce a tambaye shi ko an ba shi izinin zama. Irinsa suna da yawa a wannan yanki, domin kuwa unguwannin da ke kewaye da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cike suke da gidajen da matar ce mai albashin wata, ma’aikaciyar jinya ko malamar makaranta, mijin kuwa ɗan kasuwa ne da samunsa yau fari gobe tsumma.

Me wannan bawan Allah ya rasa na shugabancin gidansa? Aya ta 34 a Suratun Nisa’i, wadda kowa ya iya kafa hujja da ita, ta ɗora wa maza tsayuwa a kan al’amuran mata, ta kuma haɗa wannan da ciyarwar da suke yi daga dukiyoyinsu. Nauyi ne aka ɗora, kuma wanda aka ɗora wa nauyi yana da damar ya wakilta wanda ya fi shi iya wani sashe na aikin. Wakilci babi ne sananne a fiƙihu. A ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da baƙin ciki ya hana sahabbai tashi su yanka hadayarsu, Ummu Salama (RA) ce ta ba Manzon Allah (SAW) shawarar ya fita ya yanka tasa ya yi aski ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Ya bi shawararta, jama’a suka bi shi, matsalar ta warware. Wanda ya san wannan ƙissa ya kamata ya yi hattara da abin da yake yi wa dariya.

Fiƙihunmu ma ya wuce maganar kuɗin cefane nesa ba kusa ba. Babu ikon da ɗan Kano yake taƙama da shi kamar igiyar saki, amma malaman Malikiyya sun buɗe babi guda a kan yadda miji zai miƙa wannan igiya ga matarsa, suka kasa shi uku: taukili, tamliki da takhyiri. A taukili ya wakilta ta ne kawai, kuma a asali yana iya janye wakilcin kafin ta zartar. A tamliki ya mallaka mata al’amarinta, ba shi da ikon tsige ta daga abin da ya mallaka mata, sai dai in ta yi saki fiye da ɗaya yana iya musantawa ya rantse cewa ɗaya ya nufa. A takhyiri kuwa ya ba ta zaɓi ne tsakanin zama da rabuwa, in an riga an tare da ita ta zaɓi kanta, to rabuwar ta saki uku ce. Hukuncin tamliki da takhyiri yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da da wuya ka sami zauren karatu a Kano da ba a biya shi. Asalin takhyiri kuwa daga gidan Annabta yake, a ayoyi na 28 da 29 na Suratul Ahzab, inda aka umarci Manzon Allah (SAW) ya ba matansa zaɓi, ya fara da Nana A’isha (RA), har ya ce mata kada ta yi gaggawa sai ta shawarci iyayenta. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin mutumin da ya zo wa Zaidu ɗan Sabit (RA) yana hawaye, don ya mallaka wa matarsa al’amarinta ita kuma ta rabu da shi. Zaidu ya ce masa saki ɗaya ne, ya mai da ita in yana so. Ba a ce masa ya yi abin kunya ba, hukuncin aka faɗa masa.

Musulmi sun yi aiki da wannan babi a aikace. Littattafan rubuta yarjejeniya na Andalus sun kiyaye mana tsarin takardun aure inda miji yake ɗaukar wa matarsa sharaɗi cewa in ya cutar da ita, ko ya yi doguwar tafiya ya bar ta, ko ya raba ta da garinsu ba da sonta ba, to al’amarinta yana hannunta. A Pakistan, takardar auren da aka tsara a ƙarƙashin dokar iyali ta 1961 tana da tambaya ta 18, mai neman a bayyana ko miji ya miƙa wa matar ikon saki, ko da yake sau da yawa dangi kan soke gurbin tun kafin amarya ta gani. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, ƙasar Malikiyya irin tamu, ta tabbatar da tamliki a sashe na 89, ta kuma ce miji ba zai janye shi ba. Mu kuwa a nan, in aka taru ɗaurin aure bayan sallar Juma’a, waliyyi ya faɗi sadaki, wakilin ango ya karɓi ci da sha da sutura, a shafa Fatiha, maroƙi ya sanar. Da wani uba zai ce yana da sharaɗi guda don kariyar ’yarsa, da kafin la’asar an gama yaɗawa cewa boko ya ɓata shi.

Ita ma mace tana da abin da take iya sarayarwa. Uwar muminai Saudatu (RA) ta bar wa Nana A’isha kwananta, aka karɓa. Amma a lura da abin da malamanmu suka ce: wadda ta ba da kwananta tana da damar ta dawo da shi duk ranar da ta ga dama, saboda abu ne da zuciya ba ta iya daurewa a kansa har abada. Haka nan wadda ta ba mijinta dukiya don zama ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, tana da haƙƙin ta karɓi abinta. Aya ta 4 a Suratun Nisa’i ma, da ta halatta wa miji cin abin da matarsa ta bar masa na sadaki, ta gindaya sharaɗin ya zama da daɗin rai. Wato abin da mai ƙarfi ya miƙa an ɗaure shi a kansa, abin da mai rauni ta sarayar an bar mata ƙofar komowa. Wannan hikima ce da ni dai ban gaji da mamakinta ba.

Abin da ya sa na ga lokaci ya yi da za a yi wannan magana a fili shi ne wani abu da wayoyin hannu suka shigo mana da shi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki miƙa wuya a matsayin salon soyayya: biyu su yi yarjejeniya cewa ɗaya ne ubangida, ɗaya kuma zai zama kamar bawa, mai iko ya tsara wa ɗayan abin da zai sa, inda zai je, har da horo in ya saɓa. Suna da ƙungiyoyi a biranensu, suna haɗuwa a gidajen abinci cikin shigar kowa da kowa don su san juna, su koya wa sababbin shiga ƙa’idojinsu, su kuma gargaɗi juna game da wanda aka sani da wuce gona da iri. Wani littafi da ya fito a 2011, aka mai da shi fim a 2015, ya yaɗa labarinsu a duniya, ba sai na ambaci sunansa ba. Inuwar wannan salo kuma ta faɗo cikin wasu littattafan Hausa da ’yan matanmu ke karantawa a WhatsApp da Wattpad, inda jarumin attajiri ne mai murtukakkiyar fuska, yana wulaƙanta yarinya tun daga shafin farko, ita kuma a ƙarshe ta mutu a kan sonsa. Hujjar masu wannan rayuwa guda ɗaya ce, wato tunda baligai biyu sun yarda, ba ruwan kowa.

Musulmi ba zai karɓi wannan hujja yadda take ba. Yarda sharaɗi ce a cikin ciniki, kamar yadda aya ta 29 ta Suratun Nisa’i ta nuna, kuma sharaɗi ce a cikin aure, shi ya sa Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa’u ’yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba. Amma yarda ba ta mai da haram halal. Mai cin riba da mai ba da ita duk sun yarda, mazinata biyu sun yarda, kuma ɗa ba ya zama bawa don ya ce ya sayar da kansa. Jikin mutum da mutuncinsa amana ce a hannunsa, bai mallake su mallakar da zai ba wani izinin ya lalata su ba, kuma ƙa’idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Nawawi ya kawo a hadisi na 32 cikin Arba’una, ba ta keɓe wanda ya ce a cuce shi ba. Su kansu kotunan Turawan sun iso wajen nan ta tasu hanyar. A 1993, a shari’ar da ake kira ta Brown, kotun ƙolin Ingila ta wancan lokaci ta yanke, da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, cewa yardar wanda aka ji wa rauni a irin wannan harka ba kariya ba ce ga wanda ya ji masa. A 2021 majalisarsu ta shigar da wannan cikin doka, bayan an sha ganin mazan da suka kashe mata suna cewa ai ita ta nema.

Sai dai adalci ya sa in faɗi wani abu, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Mutanen nan, duk da ɓatan hanyarsu, sun gane cewa yardar da ba ta da mafita ba yarda ba ce. Kafin su fara, sai sun ajiye wata kalma da in mai miƙa wuyan ya furta ta, komai ya tsaya nan take, wanda kuma ya ƙi tsayawa jama’arsu kan ƙaurace masa. To mu da muke da Risala sama da shekara dubu, wace kalma muka bar wa ’yarmu da za ta furta a saurare ta? Abin da ake raka ta da shi ranar kai amarya shi ne “yi na yi, bari na bari,” da “aure bautar Allah ne,” da gargaɗin kada a gan ta a gida da sunan yaji.

Na san wata yarinya, ’yar maƙwabtanmu, da aka kai wani gida a wajen kasuwar Tarauni. Tana aiki, amma katin bankinta yana aljihun maigidan tun watan farko. Wayarta sai ya duba kafin ya kwanta. Ya rantse ba za ta taka gidan mahaifiyarta ba, alhali tafiyar ba ta kai ta minti goma a Adaidaita ba. Da yayanta ya kai kuka wajen wani dattijon unguwa, amsar da ya samu ita ce, “Haba ɗana, ai ita ta kawo shi ta ce shi take so. Tsakanin miji da mata sai Allah.” Wallahi da dattijon nan ya buɗe Mukhtasar na Shaihu Khalil, da ya ga cewa miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa shiga wurinta, in kuma ya rantse ba za ta ziyarci iyayenta ba, alhali ita amintacciya ce ko da matashiya ce, alƙali zai sa shi ya karya rantsuwar. Albashinta kuwa nata ne. Iyakar abin da Malikiyya suka ba miji shi ne ya hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta, ba su ba shi ko sisi a ciki ba. Yardar da ta yi ranar ɗaurin aure yarda ce da zama bisa kyautatawa, kamar yadda aya ta 19 ta Suratun Nisa’i ta umarta. Ba ta sa hannu a kan kurkuku ba. A Ingila tun 2015 irin wannan ƙuntatawa laifi ce mai iya kai mutum ɗaurin shekara 5, ko da bai taɓa ɗaga hannu ba.

Wannan ba sabuwar cuta ba ce a ƙasar Hausa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi kakkausan suka a littafinsa Nurul Albab ga malaman da ke barin matansu da ’ya’yansu cikin jahilci, ya kuma gargaɗi mata da kada su ruɗu da masu yi musu wa’azin biyayyar miji ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da ManzonSa ba, yana mai nuna cewa biyan buƙatar kansu suke nema. Biyayya a Musulunci a cikin abin da yake ma’arufi take. Barira ma, baiwar da aka ’yanta, da Manzon Allah (SAW) ya nemi ta koma wa mijinta Mugisu, sai ta tambaya ko umarni ne. Da ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙata, kuma ba a zarge ta ba.

Maganar duka ba zan tsawaita ba. Nana A’isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Aɗa’u ɗan Abi Rabah, malamin Makka cikin tabi’ai, ya ce kada miji ya doki matarsa ko da ta saɓa masa, kuma Ibn Ashur, malamin Malikiyya na Tunisiya da ya rasu a 1973, ya ce hukuma tana da ikon hanawa da hukunta mai yi in maza suka wuce iyaka. Abin takaici, tsohuwar dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta zo da sashe na 55 wanda ya ɗauke laifi daga mijin da ya “ladabtar” da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taso da batun dokar iyali a 2017, hayaniyar da aka yi kusan duk a kan ƙarin aure ta tsaya, maganar cutarwa ta bi ruwa.

Kada kuma ’yan’uwa mata su ɗauka na wanke su. Kalmar “mallaka” da ake tallar kayanta a Instagram da TikTok, da wadda ake zuwa nema wajen boka, tushenta ɗaya da tamliki a Larabci, amma tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Tamliki miji ne ya bayar yana cikin hankalinsa, mallaka kuwa ƙoƙarin ƙwace hankalin ne don kada a buƙaci yardarsa, kuma hadisin Ibn Mas’ud (RA) ya lissafa irin wannan asiri na jawo soyayya cikin shirka. Mai neman mijin da ba zai iya ce mata a’a ba, har ya manta da mahaifiyarsa, ita da mai riƙe katin bankin can jirgi ɗaya ya kwaso su.

Inda abin ya fi shafar mu ’yan majalisa shi ne matsayin da fiƙihu ya ba maƙwabci. A mazhabarmu mace tana da haƙƙin alƙali ya raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da ba a shaidi maimaituwarta ba. To wa zai yi shaida a kan abin da ke faruwa a cikin ɗaki? Malamai suka ce ana karɓar shaidar ji, wato labarin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da mata da masu aikin gida cewa wane yana cutar da matarsa. Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 829 bayan Hijira, ya tabbatar da haka a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan kotunan shari’a na Kano suke komawa gare shi. In ƙorafi ya yawaita babu hujja, alƙali yana zaunar da ma’auratan a tsakanin mutanen kirki don su gane masa wane ne azzalumin, kafin a kai ga masu sulhu biyu daga dangin kowane ɓangare da aya ta 35 ta ambata. Har ma wadda ta gaji ta fanshi kanta da khul’i, in daga baya shaidar ji ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tilasta ta, sakin yana nan, kuɗinta kuma a dawo mata da su.

Ke nan duk ranar da aka kira mutanen layi gaban alƙali ko ofishin Hisba, kowa ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ji komai ba, alhali katanga ɗaya ce tsakani kuma har yaran gidansa sun san sautin kukan, to hujjar da shari’a ta tanadar wa wannan mata ce aka ƙwace. Sai ta koma ta sayar da gadonta da kujerunta ta biya sadakin da bai kamata ta biya ba, mijin ya karɓa ya ƙara a lefen wata, majalisa kuma ta samu gayyatar ɗaurin aure.